Ƙunshin Khala Habi

Na ji ku, ai ni ba kurma ba ce. Jiya wajen shan shayi ɗayarku ta ce wa 'yar'uwarta, "Wannan sashen hutu ne, daga danna waya sai cika akwati a kwamfuta." Ban ga laifinku ba. Duk wanda ya leƙo daga bakin ƙofa abin da zai gani ke nan, mata uku a zaune, sanyin na'ura yana kaɗa su. To ku jawo kujeru. Wata biyu ya rage in ajiye aiki, gwiwoyina ma tuni suka riga ni ajiyewa, gara in faɗa muku abin da babu shi a littafin da aka raba muku.

Sunana Zainabu, amma a wannan mustausaf ɗin, asibitin unguwa ke nan ga wadda ba ta saba da bakinmu ba, kowa Abla Zainab yake ce mini, abla kuwa yaya ke nan. A unguwar Mahjar aka haife ni, nan ƙasa mai tsarki, a Mahjar na tsufa. Muna ƙarƙashin shirin ta'amin na gwamnati, inshorar lafiyar jama'a, mu ne kuma sashen rigakafi. Likita yana zaune ne yana jiran wanda ciwo ya koro masa. Mu namu shi ne mu taso mutumin da yake jin kansa garau, mu ce zo a duba idonka, zo a auna sugarka, zo ka cire takalmi. Ku gwada kiran tsohuwa tana tsakiyar ciniki a kasuwar Bab Makka, ku ce mata lokacin duba ƙafarta ya yi.

"Wa ya ce miki ƙafata na ciwo? Ko fata kike mini?"

Ƙit, ta kashe. Gobe ki sake kira. Jibi ki kira 'yarta. Gata ki tare ta a gidan suna, ki ci shinkafarki, ki matsa kusa da ita ki fara da tambayar jikoki. Wannan shi ne danna wayar da kuka gani.

Ranar da na fara aiki, da sabon farin kaya da takardar makaranta a jaka, aka haɗa ni da Abla Rukayya, Allah Ya jiƙanta. Doguwa ce, ba ta dariya kafin azahar. Ta dubi takardata ta mayar mini, ta miƙo mini roba ta ruwan ɗumi da tawul da wata 'yar kujera ta tsugunno. Na ce, "Abla, ni fa ma'aikaciyar jinya ce." Ta ce, "Tayyib. Zauna ƙasa." Wata uku na yi a kan kujerar nan, ban taɓa allura ba, ban taɓa fayil ba, sai ƙafafun tsofaffi. In wanke, in goge, in buɗa tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya. Ina komawa gida ina yi wa mahaifiyata mita, wai na yi karatu na ƙare a wankin ƙafa. Ita kuwa Abla Rukayya magana ɗaya take maimaitawa har ta gundure ni: wadda ba ta durƙusa ba ba ta duba ba.

Kayan aikin ba su da yawa, ga su nan a aljihun tebur. Wannan silin robar, mai kama da gashin buroshi, shi ne babbansu. Ki sa mara lafiya ta rufe ido, ki dangwala shi a tafin ƙafa har ya lanƙwashe, ki ce ta faɗa miki idan ta ji. Ciwon suga idan ya daɗe yana kashe jijiyoyin ji, sai ƙafa ta zama ana yi mata abu ba ta kai ƙara. Mai ita za ta taka ƙusa ta wuce tana hira. Sai madubi mai dogon hannu, na ganin diddige. Sai 'yar tocila. Sai hannunki, don bayan hannu yana jin zafin da ido bai gani ba. Kuma kada ki bar takalmi a bakin ƙofa, ki ɗauko shi ki zura hannu ciki. Akwai wata mai sayar da atamfa a kasuwar Balad da ta zo tana ba mu labarin ɗan kunnenta na zinariya da ya ɓata, kwana uku ta birkice gida, har ta daina gaisa da maƙwabciyarta. Abla Rukayya ta zura hannu a takalminta ta zaro shi. Kwana ukun nan a kansa take tafiya, ya huda mata ƙarƙashin babban yatsa ba ta sani ba. Muka yi wata guda muna wanke ramin, ƙafar ta tsira, maƙwabciyar ma aka je aka ba ta haƙuri.

Za ku kuma haɗu da waɗanda ba sa cikin shirin, 'yan'uwanmu da suka zo umara suka zauna, babu iƙama, takardar izinin zama. Ba su da fayil, kwamfuta ba ta san da su ba. Sukan raɓo bayan wata mai fayil, su tsaya a baranda suna kallonki. Ban ce ku karya doka ba. Amma babu dokar da ta hana ki ce wa mace ta riƙa duba tafin ƙafarta da madubi kowace safiya, ta daina taka tayil ɗin tsakar gida da rana ba takalmi.

Yanzu bari in zo kan shekarar da ba na son tunawa.

A shekarar aka buɗe ofishin inganci, aka kafa mana wancan allon da ke bango. Kowane mai suga yana da layi, kowane layi yana da akwatuna: ido, ƙoda, jini, ƙafar dama, ƙafar hagu. Wanda aka duba ya zama kore, wanda ba a duba ba ya zauna ja. Kada ku ji na ce abin banza ne. Kafin allon nan fayil yakan ɓace shekara biyu ba wanda ya lura, mutum ya makance muna zaton ya koma Madina wajen ɗansa. Allon ya tono mana mutane da yawa. Illarsa ɗaya ce, ba shi da hanci kuma ba shi da hannu, abin da kika gaya masa shi ya sani. Idan kika ce masa kore, halas, shi ke nan, ya rufe sunan, ba zai sake tuna miki da mutumin ba sai shekara ta zagayo.

Aka ce kafin azumi ya kama kowane mustausaf ya kai adadin da aka yanka masa. Mudir ɗinmu na lokacin, shugaban asibitin, yaro ne mai kirki, bai taɓa ce wa kowa ta yi ƙarya ba. Zai dai leƙo da safe ya dubi allon, ya dafe kai ya ce, "Ya Abla, jan nan ya yi yawa. Yalla, ku taimake ni." Da la'asar ya sake leƙowa. Abla Rukayya ta riga ta yi ritaya, ni ce babba. Dubawar da ke cin minti ashirin muka mayar da ita goma, goma ta koma biyar. Robar ruwan ɗumi ta koma ƙarƙashin tebur, aka fara ajiye takardu a cikinta.

Cikin jajayen akwai Khala Habi.

Khala Habi, khala wato inna, aminiyar mahaifiyata ce, ƙofa da ƙofa muke a Mahjar. Ita ta karɓi haihuwata don ungozoma ba ta iso da wuri ba. Tana sayar da kuka da daddawa da yaji a Bab Makka, kuma ba ta hawa mota sai dole. Kakanta da ƙafa ya taso daga ƙasar Hausa, ya yi shekaru a hanya yana noma yana gaba har ya ga Ka'aba, kuma ba a yin zaman minti goma da ita ba ta ba da labarin nan ba. Duk azumi sai ta yi umara, ɗawafi da sa'ayi duka da ƙafarta. Masu tura arabiyya, keken nan na marasa ƙarfi, idan suka taso mata sai ta daka musu tsawa. Takan ce, "Mu gidanmu ƙafa muka gada." Suga kuwa ta fi shekara goma sha biyar a jikinta, tana shan magani ran da ta ga dama.

Sau shida ina kiranta. Ta zo a na bakwai, cikin Sha'aban, ana saura kwana biyu ɗaurin auren jikarta, kuma don mahaifiyata ta sa baki ne. Ta shigo tana ƙamshin turaren wuta, ta zauna a gadon dubawa, ta zame takalmi da kanta. Ƙafafun nan sun sha ƙunshi irin namu na da, ba zanen 'yan mata ba. Lalle ne aka dambara tun daga tafi har idon sawu, aka ɗaure, aka maimaita har ya yi baƙi wuluk yana sheƙi. Wallahi ya yi kyau.

Na jawo 'yar kujerata. Ta dube ni ta ce, "Me za ki yi?"

Na ce, "Khala, tafin zan gani."

"Ke Zainabu! Ni na yanke miki cibiya. Yau ni zan ɗaga tafin ƙafata in saka miki a fuska? Ba a yi mini wannan tarbiyyar ba, ke ma ba a yi miki ba."

"Khala, aikin ke nan."

"Aikin ya ci ƙaniyarsa. Ga ƙafa nan kina gani, me ya same ta? Jiya da ita na zaga Balad neman mayafin amarya. Kuma kada ki kusanto mini da ruwan nan naku mai wari, ki ɓata mini ƙunshi ana jibi biki."

Ku da kuka tashi yanzu ba lallai ku gane nauyin maganar ba. A gidajenmu babba ba ya miƙa wa yaro tafin ƙafa, yaro kuma ba ya yi wa wadda ta ga tsiraicinsa ranar haihuwa gardama. Ga mutum tara a layi a waje. Ga mudir ya leƙo sau biyu. Na tsaya a tsaye, ban durƙusa ba, na dubi bayan ƙafafun daga sama. Babu kumburi, farce lafiya. Silin robar yana aljihuna, ban fito da shi ba. Na ce, "Babu inda ke miki ciwo?" Ta ce, "Ko kaɗan." Gaskiya ta faɗa, ai ba ta jin komai. Na juya na danna dama, na danna hagu, layinta ya zama kore. Ta sa mini albarka, ta ce in zo biki da wuri a ajiye mini waina.

Mun kai adadin. Aka aiko mana da takardar yabo cikin gilashi, aka yanka kek, aka ɗauki hoto. Ina cikin hoton, ta biyu daga dama, ina murmushi.

Abin da ban sani ba shi ne yadda aka yi ƙunshin. Tsofaffinmu idan suna son lalle ya kama sosai, bayan an ɗaure ƙafa sai a kawo kasko da garwashi a ajiye a ƙarƙashi, ɗumi ya riƙa bugunta. Mai lafiya idan zafi ya yi yawa za ta janye. Khala Habi tana ta hira da 'yan biki, diddigenta na dama yana gasuwa, ba ta janye ba. Da aka kwance, ƙunar ta ɓuya cikin baƙin lalle. Da na durƙusa na sa madubi da tocila, da na ga fatar ta tashi. Da na taɓa da bayan hannu, da na ji zafin. Aikin minti biyu ne.

Azumi ya kai sha biyu, bayan la'asar ina shirin tashi, 'yarta Asma'u ta kira ni.

"Yaya Zainabu, ko za ki biyo ta gida? Dardumar Umma ce kullum muke ganin tabo a wajen ƙafa. Kuma akwai ɗan wari."

Na ce, "Tun yaushe?"

"Ya kai kwana goma. Mun sa mata lalle da alif a wurin, an ce yana busar da ciwo. Ita ta ce ba ta jin komai, kuma ai kin duba ta kin ce lafiya."

Wannan kalma ta ƙarshe har yau tana kunnena. Ban jira mota ba, da ƙafa na tafi. Na samu Khala a tsakar gida tana tankaɗen garin kunu, tana shirin umara ranar ashirin. Ban gaishe ta ba, abin da ban taɓa yi ba tun da na yi wayo. Na zube a ƙasa na kama ƙafar na juya. Ta fara faɗa, ta ga fuskata, ta sakar mini ƙafar. Ba zan kwatanta muku abin da na gani ba, za ku gani da idonku a aikin nan ko ba jima ko ba daɗe. Rami ne ya ci diddigen, kuma ya riga ya kai ƙashi.

Kafin a sha ruwa muna babban asibiti. Likitoci sun yi iya yinsu, ban rage musu komai ba. Sau biyu suna shiga da ita suna kankare ruɓar, ana ɗura mata magani ta jijiya. Kullum na tashi aiki can nake wucewa in tambayi likitan, kullum ya ce mu ƙara kwana biyu mu gani. Khala kuwa ba ta fasa lissafin umararta ba, ta ce idan ashirin ta wuce akwai ashirin da bakwai. Ashirin da bakwai ta wuce tana kwance. Kwana huɗu bayan salla zazzaɓi ya ƙi sauka, aka kira Asma'u ta sa hannu, aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Duk wanda ya rasa ƙafa a cikin shirin, ofishin inganci sai ya zauna a kan fayil ɗinsa. Aka kira ni. Mutum huɗu a tebur, fayil a buɗe. Shugabar zaman ta ce, "Abla Zainab, ba mu ga matsala a ɓangarenku ba. An duba ta a Sha'aban, ƙafa biyu lafiya, ga sa hannunki. Abin daga baya ya faru." Mudir ya sauke ajiyar zuciya. Da na yi shiru da an rufe, in tashi in tafi. Na ce, "Ban duba ba." Suka ɗago. Na ce, "Na kalla daga tsaye. Ƙunar tana nan a ranar, lalle ya rufe ta, ni kuma na ji kunyar ɗaga ƙafar." Ba jarumta ba ce, kada ku ɗauka haka. Na gaji ne kawai, kuma na san gobe zan wuce ta ƙofar gidanta.

Aka rubuta mini takardar gargaɗi, tana cikin fayil ɗina har yanzu, da ita zan yi ritaya. Takardar yabon kuma ba wanda ya ce a sauke, ga ta can kusa da agogo.

Na roƙi abu ɗaya, a ƙara akwati na uku wanda ba kore ba ba ja ba, mai cewa akwai lalle, a sake kira bayan sati uku. Sai da na bayyana wa mutum nawa mene ne ƙunshi, wasu na dariya, wai za a sake tsarin kwamfuta saboda kwalliyar tsofaffi. Aka ce in rubuto. Na rubuta, aka ce ba a wannan fom ɗin ba. Sai da aka kusa shekara biyu kafin ruwan ɗorawar nan da kuke gani a allon ya fito, kuna danna shi kamar da shi aka halicci kwamfutar. Kafin nan ni da ƙafata na bi masu ƙunshin Mahjar gida gida, ina roƙonsu kada su sa wa mai suga kasko. Wasu sun ji. Wata ta ce in bari ta ci abincinta, ita ba likita ba ce. Shi ya sa kuma kuke ganin ina tambayar kowace tsohuwa ko akwai biki a danginsu. Ba son waina ba ne.

Ranar da aka sallamo Khala na je gidan. Na zauna a bakin ƙofar ɗakin na gaya mata duk abin da na gaya wa ofis. Ta saurara har na gama, ta ce, "Ƙaddara ce, 'yar nan. Tashi ki ci abinci." Wallahi na fi son ta zage ni. Na yi kuka a ranar, kuma har yau idan azumi ya kama raina ba ya daɗi. Ta daina zuwa Bab Makka, Asma'u ce ke zaman rumfar. Labarin kakanta ma ta daina bayarwa. Umara tana yi, a arabiyya, ni nake tura ta duk shekarar da gwiwata ta yarda. Idan muka zo wajen da masu ƙafa ke sassarfa sai ta rufe ido har mu wuce.

To, ga aikin da kuka ce hutu ne. Ke mai maganar, kada ki sunkuyar da kai, ban riƙe ki ba. Ɗauki robar nan ki tara ruwan ɗumi, ga tawul, ga silin, ga 'yar kujerar Abla Rukayya. Khala Habi tana ɗaki na uku, yau ranarta ce. Yanzu ba a kiranta sau bakwai, tun kafin a buɗe ƙofa Asma'u take turo ta. Za ta tambaye ki 'yar gidan wa ce, kuma ko wa kika ambata za ta ce ta san kakarki. Daga nan hannunki zai yi nauyi, za ki tsaya kina kallon safarta. Na sani, don duk sabuwar da na tura haka take yi. Ita kuma duk shekara magana ɗaya take faɗa musu, tana ɗaga ƙafar hagun da hannunta biyu tana ɗora musu a cinya:

"Cire safar, 'yar nan, ki juya ta da kyau. Kada ki ji kunyata. Kunya ce ta cinye ɗayar."